Ƙarshen Kaset ɗin Bappa Tukur

Idan ka shiga Gaya ka ce Malam Abdulmumin na kwamfuta kake nema, ko mai rake zai nuna maka hanya. Dogo ne siriri, yana da wani tsohon babur da ba ya tashi sai an lallashe shi, da jakar goyo wadda ko ɗaurin aure za shi tana bayansa. Kowa ya san yana koyarwa a wata sakandare a bakin gari. Abin da ba wanda ya iya faɗa shi ne ɗaya aikin nasa, wanda yake yi bayan la'asar a shagon ƙofar gidansa, ya ƙura wa allo ido yana murmushi shi kaɗai. Wasu sun ce gyaran waya ne, wasu sun ce hira yake da Turawa. In kuwa ka kuskura ka tambaye shi da kanka, to nemi wurin zama, don shayinka zai huce bai kai rabin bayani ba.

Asalinsa ɗan Gafasa ne, ta ƙasar Ajingi, daga gidan Fulanin da suka daɗe da zama suna noma, ko da yake har yau ba a rasa 'yan shanu a bayan gida. Mahaifinsa, Muhammad Bashir, ya tafi Makka neman na kansa tun Abdulmumin yana rarrafe, a can kuma Allah ya yi masa rasuwa. Abin da ya zo gida daga wurinsa kaset ne guda ɗaya, irin wanda mutane suke aikowa a zamanin da: mutum ya zauna gaban rikoda ya ba da labarin hanya da na gari da na abinci, sannan ya bi 'yan gida ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su. Ƙanen mahaifin, Bappa Tukur, shi ya riƙe yaron, shi ya riƙe kaset ɗin.

Shi Bappa Tukur wani irin mutum ne. Tunda yake bai taɓa buɗe baki ya ce wa nasa abinsa bai yi ba. Ranar da Abdulmumin, yana yaro, ya shagala da kallon wani mai gyaran rediyo har shanu suka shiga gonar waken Bappa suka yi mata aski, Bappa ya zo ya tsaya, ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, sun ƙoshi." Ya juya ya tafi. Haka ya sa shi firamare, haka ya kai shi sakandare a Gaya, haka ya raka shi tasha ranar da zai tafi jami'a, ba yabo ba zargi. Abdulmumin ya girma yana ƙaunar mutumin nan kamar ransa, yana kuma jin haushin cewa bai taɓa sanin ko ya faranta masa ba.

Aikin nan na bayan la'asar, in an taƙaita shi, ga shi. Waya ba ta jin yaren da ake rubuta manhaja da shi sai da tafinta. Akwai tafinta mai bi layi-layi, kullum ya sake fassara abin da ya fassara ɗazu. Akwai kuma mai wayo, wanda in ya ga ana ta maimaita wani wuri sai ya fassara shi gaba ɗaya nan take zuwa yaren injin, daga nan aiki ya riƙa gudu. Na biyun nan shi masu sana'ar ke kira JIT. Abdulmumin yana cikin wata ƙungiyar 'yan sa-kai da ke gina irinsa, mutane a warwatse a duniya, ba wanda ya taɓa cin tuwo da wani.

A can tsakiyar injin akwai wasu 'yan gurabe da ake ce wa rijista, nan ake ɗora lambobin da ake aiki da su a daidai lokacin. Kamar murhu suke a gidan biki: tukwane da yawa, murhu kaɗan, dole wani ya tsaya yana cewa wannan ta nuna a sauke, waccan a ɗora. Sababbin wayoyi murhunsu da yawa. Tsofaffin nan da suka cika aljihun mutanen Gafasa da Toranke nasu bai wuce rabin haka ba, don haka mai rabon ya fi shan wuya a kansu. Wannan ɓangaren na rabon rijista shi Abdulmumin ya fi so, har ya kan ce ya fi masa fura daɗi, maganar da Bafulatani bai kamata ya yi a bainar jama'a ba.

Da idon Bappa ya fara rauni, kunnensa kuma ya bi sahu, Abdulmumin ya haɗa masa wata 'yar manhaja a kan tafintan nan nasu. Maɓalli ɗaya gare ta, ƙato, ya cika allon. In ka danna sai ta kunna maka abin da aka ajiye, ta tace hayaniya, ta ɗaga murya yadda tsohon kunne zai kama. Ya kwashe kaset ɗin mahaifinsa, wanda rikodarsa ta mutu tun tuni, ya zuba a ciki. Kan ka ce kwabo dattawan unguwa sun ji labari, kowa ya kawo tasa a sa masa karatun malamai da shirye-shiryen rediyo. Bappa ya karɓi tasa ya juya ta, ya ce, "Madalla." Ya zura a aljihu. Sabuwar waya kuwa ko kyauta ba ya so, ya ce yatsunsa sun saba da wannan.

Ana cikin haka, wata damina, saƙo ya zo daga shugabar ƙungiyar tasu, wata mata da Abdulmumin bai san komai nata ba sai cewa tana da kyanwa kuma ƙasarsu sanyi. Ta ce injin gwajinsu yana nuna JIT yana ba da amsar banza a kan tsofaffin wayoyi, ba kullum ba, jefi-jefi, kuma an rasa dalili. A cikinsu ba mai irin wayoyin nan ko a durowa. Shawarar da aka yanke ita ce a cire tsofaffin gaba ɗaya a sabuwar fitowa, sai fa in wani ya gyara kafin nan. Abdulmumin ya san me hakan ke nufi. In babu JIT, wayar Bappa ba ta da ƙarfin tace murya, sai dai ta riƙa in'ina. Ya rubuta musu cewa a ba shi dama, a garinsu wayoyin nan sun fi kaji yawa.

Ya duƙufa, ya samo wani wuri da bai kwanta masa ba, ya gyara. Ya gwada da 'yan gajerun sautuka a kan wata tsohuwar waya da ya aro, komai daidai. Ranar Asabar ya lallashi babur ya nufi Gafasa, gero ya rufe hanya dama da hagu, ya bi gida-gida yana sa wa dattawa sabon gyara. Da sati ya zagayo ya koma jin sakamako. Ya tsuguna gaban Bappa aka gama gaisuwa, aka tambayi ruwa, aka tambayi shanu, sannan ya ce, "Bappa, yaya wayar kuwa?"

"Lafiya lau."

"Ba ta yin wani abu?"

"Tana yin abin da ka ce ta yi. Allah ya yi albarka."

Ya zaga sauran gidajen, duk bakinsu ɗaya. Wani tsoho ma har da ba shi ƙwan zabi. Abdulmumin ya koma Gaya bakinsa har kunne, ya rubuta wa ƙungiya cewa an gwada a hannun mutane na gaske, ba a injin gwaji ba, kuma ba ko ƙorafi ɗaya. Abin dariyar shi ne, mutumin da ya tashi a gidan Bappa Tukur ya fi kowa sanin me "lafiya lau" take nufi a bakin dattijo, amma son jin an ce ya yi ya rufe masa ido. Mai kyanwa ta amsa da ladabi cewa ta taya shi murna, sai dai injin nata har yanzu yana faɗuwa, kuma lokaci ya kusa.

A wannan halin ya tafi suna Toranke, ransa a jagule. Gidan Khaula aka haihu, ƙanwar mijinta ce ta sauka. Ita Khaula 'yar Goggo Hanne ce, ƙanwar mahaifinsa, wato taubashiyarsa, kuma tela ce mai baki kamar almakashinta. Tsakanin taubasai ba kunya ba kara, abin da ka ga dama ka faɗa, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba. Yana sa ƙafa a tsakar gida ta hango shi daga bakin tukunyar shinkafa.

"A ba da hanya, ga injiniyan duniya! Sannu da zuwa, mai wayar da ba ta son ƙarshen magana."

Ya ce, "Ke dai ki ji da ɗinkinki, hannun rigar nan ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Ni ai nawa ana sawa a fita. Kai fa? Kawu Tukur kullum yana gindin ɗorawa da abin nan a kunne. Marigayi ya hau jirgi, ya sauka, ya ci shinkafar Larabawa, ya fara gaisuwa, ya gaishe da Innata, sai wuf, a koma filin jirgi. Bawan Allahn nan tun farkon damina yake hawa jirgi, ko mahajjatan bana ba su kai shi zirga-zirga ba!"

Mata suka kwashe da dariya. Abdulmumin kuwa bai taya su ba. Ya san kaset ɗin nan kamar tafin hannunsa. Mahaifinsa ya gaishe da kowa, ya gaishe da Goggo Hanne, sannan ya ajiye ƙanensa Tukur a can ƙarshe. Ashe duk tsawon lokacin nan Bappa yana zama ya saurari abu mai tsawo yana jiran rabonsa, daidai an zo kansa sai a mayar da shi farko, kuma ya dubi idon yaron da ya yi wayar ya ce lafiya lau. Kunya ta kama shi, tausayi ya kama shi, har ya ji shinkafar ta fita ransa.

Amma ƙwaƙwalwar mai sana'a ba ta zaman makoki. Wannan ne karo na farko da wani ya faɗa masa inda abin yake faruwa. Ya ɗaga kai ya ga tsakar gidan cike take da taubasansa, 'ya'yan Goggo Hanne maza da mata, kowanne akwai tsohuwa ko tsoho mai irin wayar nan a gidansa. Ya san in ya roƙe su da girma da arziki su faɗa masa matsala, za su koma irin Bappa. Sai ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji.

"Ƙarya kike, Khaula. Abin da na haɗa ba ya kuskure. Hannunku ne na ƙauye, ba ku iya danna maɓalli ba."

Ai kuwa ya taɓo su. Wani ya ce surukinsa har yau bai taɓa jin addu'ar rufe karatu ba, kullum malam na tsakiyar bayani sai ya sake sallama. Wata ta ce gajeren saƙo dai yana kaiwa, don ko wayar ta san ba a daɗewa da abin Abdulmumin. Khaula ta ce a tata sabuwar wayar ba ya yi, tsofaffi kawai ya raina. Wani kuma ya rantse in ka tsayar ka rufe ka sake buɗewa sai ta ƙara maka wani lokacin kafin ta haukace. Shi kuwa yana tsaye yana musu, duk wanda ya yi shiru sai ya sake tsokanarsa. Aka yi masa tas, har amarya mai jego tana dariya daga ɗaki tana riƙe ciki. Ba a taɓa zagin mutum yana jin daɗi irin na ranar ba.

Kafin ya tafi ya ari wayar Goggo Hanne. Khaula ta raka shi bakin ƙofa da ƙullin nama, ta ce, "Ka gyara fa. Ni dariya nake, amma ran nan na ga Kawu ya sauke ta daga kunne ya daɗe yana kallonta."

A shago ya jona wayar da kwamfuta, ya zuba kaset ɗin a cikinta, ya kunna shi daga farko, ya haƙura ya zauna. Yanzu ya san abin da yake nema. Abu ne da ba ya faruwa sai an daɗe, wato sai tafintan mai wayo ya gaji da ganin wani wuri ya fassara shi. Wurin kuwa shi ne ɗan zagayen da ke ɗauko sauti guntu-guntu, wanda gajeren saƙo ba ya zagaya shi da yawa har a kula shi. Muryar mahaifinsa ta cika shagon, jirgi, masauki, tsadar albasa a Makka. Aka gaishe da Goggo Hanne. Sai wuf, filin jirgi. Abdulmumin ya tsayar da komai a nan, ya buɗe abin da JIT ya fassara, ya bi shi layi-layi da yatsa.

Can ya gan shi, har ya yi tsaki ya yi dariya lokaci guda. Lambar da ke riƙe inda aka kai a cikin sauti tana zaune a wata rijista. Mai rabo ya duba ya ga daga wani layi zuwa ƙasa ba a sake ambatonta ba, sai ya ɗauka an gama da ita, ya ba wata ƙaramar lamba gurbinta. Ya manta cewa zagaye ne, in an kai ƙasa sama za a koma, kuma a can sama ita za a fara nema. Da aka koma sai aka tarar da baƙuwa a wurin, aka ɗauke ta a matsayin inda aka kai, shi ke nan sai filin jirgi. A sababbin wayoyi gurabe sun yi yawa, ba a matsu a taɓa wannan ba, shi ya sa laifin ya ɓuya. An sauke tukunya ba ta nuna ba, magana ke nan.

Gyaran bai cika tafin hannu ba. Ya koya wa mai rabo cewa duk lambar da za a nema a zagaye na gaba tana nan da ranta har ƙarshen zagayen, in gurbi ya yi wuya a sauke wata zuwa ma'ajiya a ɗauko ta daga baya. Ya haɗa da gwaji mai tsawo wanda zai kama laifin in ya sake dawowa, ya tura. Injin mai kyanwa ya yi ta gudu bai faɗi ba. Ta rubuto cewa tsofaffin wayoyi sun tsira, ta kuma tambaye shi wace dabara ya yi ya samo bayanan da suka gagare su. Ya fara rubuta mata bayanin taubashi, ya ga abin zai yi tsawo, ya ce mata kawai yana da ƙwararrun masu gwaji a Toranke. Tun daga ranar duk wani sabon abu da ya haɗa, gidan Khaula yake fara kai shi ya cika baki.

Da hantsi ya isa Gafasa. Bappa yana gindin ɗorawa a kan buzu. Aka gaisa, ya ce, "Bappa, kawo wayar in duba caji." Bai ce an sami matsala ba, Bappa ma bai tambaya ba. Ya sa gyaran, ya miƙa masa, ya ce bari ya leƙa shanu. Bai yi nisa ba, ya tsaya bayan dangar kara yana sosa wa wata karsana wuya.

Ya ji an danna. Jirgi ya tashi, jirgi ya sauka. Ya tsaya har ƙafarsa ta gaji. Aka zo kan Goggo Hanne, aka gaishe ta da ita da yaranta, Abdulmumin ya kasa kunne. Muryar ta yi gyaran murya ta ci gaba.

"To, saura Tukur. Tukur, ina gaishe ka, ina gaishe ka da kyau. Na bar ka a ƙarshe ne don na san ba za ka yi ƙorafi ba. Ga yaron nan, in ya isa ka sa shi makaranta. Jar saniyar nan kuma kada ka sayar, ko an matsa maka. Ina kewar furar gida, ina kewarka. Sai Allah ya haɗa fuskokinmu."

Kaset ya ƙare, wayar ta yi shiru irin na gaskiya. Abdulmumin ya goge ido da hannun riga, ya ba dattijon lokaci, sannan ya fito yana 'yan kame-kame kan cewa karsanar nan ta yi ƙiba. Bappa yana zaune, wayar a cinya, yana kallon gonar gero. Abdulmumin ya tsuguna. Ya riga ya yi wa kansa alkawari ba zai tambaya ba, don ya san amsar.

Bappa ne ya fara magana, ba tare da ya dube shi ba.

"Abin nan naka, akwai gyara."

Abdulmumin ya ɗago da sauri. Tunda aka haife shi bai taɓa jin wannan kalmar daga bakin nan ba.

"Maɓalli ɗaya ya yi kaɗan," in ji Bappa. "Ka ƙara wani, wanda zai kai ni ƙarshen kai tsaye. Jirgin nan ya ishe ni."

Abdulmumin ya ce to, dariya na cinsa. Nan take ya sauke jakar goyon, ya zauna a gefen buzun, ya buɗe kwamfuta a kan gwiwa. Bappa ya ɗan matsa ya ba shi inuwa.